Tambaya da Amsa: Yadda waya za ta taimaki yara wajen koyon Sifaniyanci a gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Maigidana yana aiki a Malabo, ƙasar Equatorial Guinea, kuma muna shirin komawa can da yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 7 da mace 'yar shekara 12. Ni ban iya Sifaniyanci ba, kuma wayar Android ce kawai gare ni sai wata tsohuwar kwamfuta. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne, wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, ana furta su kusan yadda muke furta namu, kuma galibi yadda aka rubuta kalma haka ake karanta ta. Yaron da ya iya karatun Hausa zai fara karanta harshen cikin sauƙi, muddin aka nuna masa cewa ba a furta harafin h, harafin j kuma daga maƙogwaro yake fitowa.

Babbar za ta iya farawa da Duolingo, manhajar da Luis von Ahn ɗan ƙasar Guatemala ya ƙirƙira tare da abokin aikinsa, aka buɗe ta ga jama'a a 2012. Kyauta ce, sai dai tana buƙatar intanet, kuma da Turanci take bayani domin ba ta da darasi ta hanyar Hausa. Akwai kuma wani abu da ya shafe ku kai tsaye: darussanta sun fi karkata ga Sifaniyancin Latin Amurka, alhali na Equatorial Guinea ya fi kusa da na ƙasar Sifaniya, wadda ta mulke ta har zuwa 1968. Bambancin ba zai hana fahimta ba, amma shi ya sa nake so abin da yaran za su riƙa saurara ya fito daga Sifaniya.

A nan ne ƙaramin zai fi amfana, domin ɗan shekara 7 da kunne yake koyo. Ki sauke masa YouTube Kids, ki nemo shirye-shiryen yara na Clan, tashar yara ta gidan talabijin ɗin gwamnatin Sifaniya, RTVE. Ki rage ingancin hoton don data ta yi auki. Ki bar shi ya maimaita shiri ɗaya sau da yawa, domin maimaici ne ke zaunar da kalma a kai. Manhajar YouTube Kids ɗin za ta ba ki damar ƙayyade lokacin kallo, ta kulle kanta idan ya cika.

Duk da haka, a ganina waya kaɗai ba ta buɗe bakin yaro, sai ya samu wanda zai yi wa magana. Tunda mahaifinsu yana can, ku mayar da kiran WhatsApp na yamma lokacin gwaji: su gaishe shi da harshen, su ƙirga masa ɗaya zuwa goma, su faɗa masa abin da suka ci, shi kuma ya turo musu gajeren saƙon murya da za su amsa washegari. Ke ma ki zauna tare da su, ki bari su riƙa gyara miki furuci, domin yaro yana ƙara himma idan ya ga shi ke koyarwa.

Tambaya: Malam, 'yata tana neman harafin ñ da alamar tambaya mai kallon ƙasa, ba ta gan su ba.

Amsa: A waya, ki shiga saitunan Gboard, wato manhajar maɓallan rubutu ta Google, ki zaɓi harsuna, ki ƙara Sifaniyanci, ñ zai fito kusa da l. Alamar ¿ kuma tana fitowa idan aka danne alamar tambaya na ɗan lokaci. A kwamfuta mai Windows, ki riƙe Alt ki buga 164 a maɓallan lambobi na gefen dama don samun ñ, ko 168 don samun ¿. Idan kwamfutar ba ta da waɗannan maɓallan, sai ki ƙara harshen a saituna, ki riƙa sauyawa da maɓallin Windows haɗe da dogon maɓallin tazara.