Hoton Sinsinati na 1848: Ina Mutanen Suka Shiga?

Tambaya: Malam, na ga hoton birnin Sinsinati na Amurka na 1848. Har rubutun da ke jikin jiragen ruwa ana karantawa, amma bakin kogin kusan wayam. Ina jama'ar suka shiga?

Amsa: Malama, jama'a na nan, kyamara ce ba ta kama su ba. Charles Fontayne da William Porter suka ɗauki hoton ranar Lahadi, 24 ga Satumba 1848, daga garin Newport da ke tsallaken kogin Ohayo. Farantan ɗaukar hoto 8 suka jera, kowanne inci 6.5 da 8.5, suka kama gaɓar kogi mai tsawon kusan mil 2.

Dabarar ta Louis Daguerre ce, wadda aka bayyana a Faransa a 1839. Farantin jan ƙarfe ake shafe wa azurfa, a goge shi fes kamar madubi, a turara shi da sinadaran aidin da buromin a ɗaki mai duhu. Bayan an ɗauka, sai a kara shi bisa tururin zaiba mai zafin kusan digiri 75 na ma'aunin Salsiyas, hoto ya fito, a wanke da ruwan haifo (sinadarin da ke hana haske ci gaba da canza hoton), a ƙarfafa da ruwan zinare. Da farko sai an bar idon kyamara buɗe mintuna da dama. Buromin ya rage lokacin zuwa ƙasa da minti ɗaya. Duk da haka mai tafiya bai tsayawa wuri ɗaya, sai ya ɓace ko ya zama inuwa. Jirgin da ke ɗaure da masana'anta kuwa, ba sa motsi, shi ya sa suka fito ƙarara.

Kaifin hoton ya samo asali ne daga ƙanƙantar ƙwayoyin zaiba da azurfa da ke bisa farantin. Da madubin ƙara girma an karanta agogon hasumiyar wani coci: ƙarfe 1:55. A ganina nan darajar aikin take.

Sai dai farantin ba ya son wasa. Yatsa ɗaya kan share hoton, farar wutar da ke cikin hayaƙin kwal kuma tana dusar da azurfa, abin da ya fi yawa a biranen masana'antu ke nan. Don haka ake rufe shi cikin gilashi a liƙe gefunan. In kika samu irinsa, kada ki goge, ko da auduga ce. Farantan Sinsinati suna ɗakin karatun jama'a na birnin.