"Ba aikina ba ne" ita ta cinye mini fili

Ka ce don me in ka gama ɗaure taya nake sa wani ya bi bayanka da sifana, sai ka ce ban yarda da kai ba. Ka kuma ce a gidanku kai ƙarar ɗan'uwa gulma ce. To ajiye wayar nan tukuna, ba na magana da tsakar kan mutum.

Yadda ake ɗaure noti a giciye da yawan giris da boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, yake sha, ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda ya yi wata shida a gareji bai san wannan ba, gara ya koma tallan goro.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, ba a haife ka ba. Faran ɗin Faransa da ake canzawa sefa 50 ya wayi gari 100. Kayan gyara kuwa daga waje suke shigowa ta Duwala, sai kuɗinsu ya ninka. Boris ɗin tirela guda ya zama abin da yaro zai cusa a riga ya sayar, ya yi kwanaki yana cin tsire.

A lokacin akwai wani Alhaji mai manyan motoci, shekara da shekaru ni nake masa gyara. Motocinsa suna lodi a tashar jirgin ƙasa ta nan Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, su bi Garwa, Marwa, Kusiri, su haye gadar Ngeli su shiga Njamena. Ya kawo tirela ƙafar baya tana kuka, ya miƙo mini sabon boris a kwalinsa, da hannunsa. Na damƙa wa babban yarona na gareji, wanda na riƙa tun yana ɗauko mini jak da ƙyar, na tafi jana'iza. Shi kuwa ya zare tsohon, ya wanke shi da gazuwal, wato man dizal, har yana ƙyalli, ya danƙara masa giris ya mayar. Sabon ya bi ta ƙofar baya. Yara biyu suna tsaye a kansa, ɗaya ma shi ke miƙa masa sifana.

Ka san gangaren dutsen nan na hanyar Garwa kafin Mbe, wanda direbobi ke ce wa falez. Mota cike da sukari, ƙafar direba ba ta sauka daga kan birki. Zafin birki ya haɗu da zafin mataccen boris, giris ya kama, taya ta kama, tamfol ya kama. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma yaron motar ya ƙona hannuwansa garin watsa ƙasa, rabin kayan kuma suka tafi.

Alhaji bai tambayi wane yaro ya yi aikin ba. Ya zo da boris ɗin a ƙunshe cikin tsumma, baƙi ƙirin, ya kwance shi a kan bencin can, ya ce in duba da idona ko wannan ne ya saya. Manyan unguwa suka shiga tsakani aka yanka mini abin da zan biya. Na sayar da injin iska, na sayar da filin da na yi niyyar gina wa iyalina. Yau bene ne a wurin, kuma har gobe in na bi ta gabansa zuciyata tafasa take. Wannan ma da sauƙi. Direbobi suna kwana a layin kwastan na Kusiri ba abin yi sai shayi da hira, kafin wata ya ƙare sunana ya lalace tun daga nan har Cadi. Ba wanda ya ce wane ne ɓarawo, garejin wane ake cewa.

Ɓarawon ya gudu, Allah ya isa tsakanina da shi. Amma waɗanda suka fi ci mini rai su ne biyun nan. Na tsare su, suka sunkuyar da kai: "Maigida, shi ne babba, kuma ba aikinmu ba ne." Ba aikinku ba ne? Kwanon da kuke ci da rana, aikin wa ne ya cika shi? A ranar na sallame su.

Tun daga nan na kafa dokokin da kake ganin takura ce. Kwali a gaban direba ake buɗe shi, tsohon ƙarfe kuma a hannunsa ake saka shi. Duk aikin da ya shafi taya, birki ko sitiyari sai hannu na biyu ya bi, ko da ni na ɗaure da furfurata. Na goron da direba ya bayar gwangwani yake shiga a raba ran Alhamis, don in na bar kowa ya soke nasa, kowa motar mai kyauta zai yi wa rububi, ya ɓoye wa ɗan'uwansa abin da ya iya.

Ku yaran yanzu wannan ne ba kwa so. Kowa so yake a ce shi kaɗai ya tada inji, a ɗauke shi a waya a sa a TikTok, bayan shekara ya buɗe nasa ko ya tafi acaɓa. A gyara maka kuskure sai ka kumbura fuska har la'asar.

Maganar gulma kuma, ga yadda za ka yi. In ka ga kuskure, wanda ya yi shi za ka fara faɗa wa, a gabansa, da ladabi in ya girme ka. In ya ƙi gyarawa, ka same ni kafin motar ta fita ƙofa, ko salla nake ka jira in sallame. Wanda ya bari sai mota ta kai Garwa sannan ya zo yana mini raɗa a kunne, da shi da mai laifin tare za su kwashe kayansu.