Kiyashi a Wurin Fitsari Ba Gwaji Ba Ne

Tambaya: Likita, ni direba ne a Kumo, shekaruna 46. Cikin dare sai in tashi fitsari sau biyar, ga ƙishirwa kamar mai azumi a bazara, kuma ina ta ramewa alhali ina cin abinci. Wani abokina ya ce in duba ko kiyashi na taruwa inda na yi fitsari.

Amsa: Malam, waɗannan ukun su ne manyan alamomin ciwon suga. Idan suga ya haura wajen 180 mg/dL (ma'aunin yawan suga) a jini, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zube cikin fitsari ya tafi da ruwan jiki. Daga nan yawan fitsari da ƙishirwa suke. Ramar kuwa, abincin na shiga amma jiki ya kasa amfana da shi, sai ya koma cin kitsensa da tsokarsa.

Maganar kiyashi ka bar ta. Mutane da yawa suna da ciwon, kiyashi bai taɓa leƙa fitsarinsu ba. Ka je asibiti da safe kafin ka karya, bayan awa 8 ba ka ci komai ba, a gwada jininka. In sugan ya kai 126 mg/dL, kuma aka maimaita wata rana ya sake kaiwa, ciwon ya tabbata. Kana tuƙi kuma, don haka in ka fara gani dishi-dishi, ka faɗa wa likita.

Tambaya: Mahaifiyata a Azare ta yi tuntuɓe, wata biyu ciwon yatsan bai warke ba, kuma ta ce ba ta jin zafi.

Amsa: Rashin zafin nan shi ya fi tayar min da hankali, 'yar'uwa. Suga yana kashe jijiyoyin ƙafa. A daina shafe-shafe a gida, a kai Hajiya asibiti yau, a duba ƙafar da jinin.

Tambaya: Ɗana mai shekara 9 ya koma fitsarin kwance, ya rame, kullum yana neman ruwa. Ai suga ciwon manya ne? Daga wata uwa a Pantami, Gombe.

Amsa: Hajiya, yana kama yara, kuma nasu ya fi sauri, allurar insulin, sinadarin da ke sa jiki ya amfana da suga, suke buƙata. Kada a yi masa faɗa, ba ganganci ba ne. A gwada shi yau. In ya fara amai, ciwon ciki ko numfashi da ƙarfi, ko tsakar dare ne a wuce da shi sashen gaggawa.