Kawu, Ba Duba Nake Yi Ba

Kawu, saƙonka ya iso, har da tambayar da ka ce ana yi maka a majalisa a Argungu, wai da gaske ne na koma ɗan duba a ƙasar Chile. Ka ce musu ban taɓa faɗa wa kowa ranar ɗaurin aurensa ba. Baffa da kansa Kaza da 'ya'yanta yake kallo kafin ya yi maganar damina, ba wanda ya kira shi boka.

A kan dutsen Paranal, cikin hamadar Atakama, inda nake aikin nazarin taurari, akwai manyan na'urorin hangen nesa huɗu, madubin kowace faɗinsa mita 8.2. Abin da muke nema duniyoyi ne masu kewaya wasu taurari, kuma gano su tamkar hango ƙyallin ashana ne a gefen fitilar tirela. Madubi ɗaya ba ya raba su sosai. Sai a janyo hasken huɗun zuwa wani rami a ƙarƙashin ƙasa, inda wasu madubai ke tafiya a kan dogo har hasken ya iso lokaci guda. Idan ya haɗu, kaifin ganin ya kai na madubi mai faɗin mita 130. Iska ce babbar matsala, ita ke sa tauraro ƙyaftawa, shi ya sa ake ta inganta ƙananan madubai masu lanƙwasa kansu sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa. A 2019 aka sanar cewa na'urar GRAVITY, mai haɗa hasken nan, ta hango duniyar HR 8799 e ta wannan hanya, wadda haskenta ke shekara 129 kafin ya iso mu.

Maganar matata kuwa, Kawu, ta ishe ni haka. E, 'yar ƙasar ce. Mu Hausawan nan ba mu cika tabarma ɗaya ba, 'yar wa zan aura? Tana tuƙa tuwon shinkafa, yara suna durƙusawa su gaishe ni, ko da yake Sifaniyanci ya fi zama a bakinsu, wannan kam yana ci mini rai. Ga madubai a gabana, amma duk azumi sai na kasa kunne na ji sanarwar Sarkin Musulmi, duk da cewa da jama'ar nan muke ɗauka.

Ka gaishe da Inna. Don Allah kada ta sake ba da saƙon kilishi, a filin jirgi ake ƙwace shi.