Filin Gareji: Ruwa Na Ɓacewa a Golf Ɗina, Dole Sai An Sauke Kan Inji?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni direba ne, Golf 3 nake ja, ina lodin Illela daga Sakkwato. Tun da bazara ta kama motar ke shan ruwa. Kullum da safe sai na zuba fiya wata leda biyu, kuma kafin in kai Gwadabawa allurar zafi ta fara hawa. Na leƙa ƙarƙashi ban ga ɗigo ba. Bakanikena ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce tof gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, a sauke kan inji. Wani abokin aikina kuma ya ce in fasa ɗanyen ƙwai a cikin ruwan motar ko in zuba garin taba. Baba, ɗan abin da ke hannuna na makarantar yara ne. Wanne zan bi?
*Direba, Runjin Sambo*

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Mai yiwuwa bakanikenka ya canka daidai, amma canka ya yi, ba bincike ba. Kan inji shi ne wuri na ƙarshe da ake tuhuma, don shi ya fi cin kuɗi.

Rashin ganin ɗigo a ƙasa ba hujja ba ce. Ƙaramar kafa ba ta buɗewa sai inji ya yi zafi ruwa ya matsu, kuma abin da ya tsartu a kan ƙarfe mai zafi yake sauka ya bushe nan take. Wanda ya tsira ya kai ƙasa, rairayin garin nan da ranar Afrilu mai wuce digiri 40 ba za su bar maka shi ba. Ga shi kuma ruwa zalla kake zubawa, ba launi ba wari. Don haka ka sayi kulan, ruwan nan mai launi na lagireto, irin wanda ya dace da motarka, a juye tsohon ruwan a zuba shi. A wanke injin, ka yi sawu ɗaya, da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Kulan ba ya ɓoye laifi: duk inda ya fita sai ya bar busasshen gari, fari ko mai launinsa, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Sai dai guba ne. Kada a bar shi a roba inda yara ko awaki za su kai baki.

Da safe, inji na sanyi, ka fara da murfi. Golf 3 ba ta da murfi a kan lagireto, yana kan tulun robar nan da kake zuba ruwa. Mutane na raina shi, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma in murfi ya matse shi yakan kai wajen 120 bai tafasa ba. In robar murfin ta tsage ko ta taurare, ruwanka tururi yake zama ya bi iska a hanyar Kware, ba ɗigo ba alama. Na sha ganin motar da aka yanke wa hukuncin buɗe inji ta warke da sabon murfi. Ka haska tulun kansa da tocila, yakan tsage a tsakiya inda aka haɗe shi. Kuma ko da wasa kada ka buɗe murfin nan mota na da zafi; fatar hannu da ta fuska ba a sayar da su a shagon safaya.

Daga nan sai wurin da na fi zargi a motarka. A jikin kan injin akwai mahaɗin roba baƙi inda tiyoyin ruwa ke shiga. Golf 3 ta fito ne a 1991, kafin 2000 an daina yin ta, ka ga robar nan ta sha zafin shekaru kafin ma ta iso hannunka. Takan lanƙwashe ko ta yi tsaga siririya, ruwa ya riƙa bin bayan inji yana gangarawa kan giyabos, inda ido ba ya kaiwa. Sa yatsa ka shafo ƙasanta. Sai ka bi tiyo ɗaya-ɗaya kana matsawa, musamman bakin kilif. Wanda ya kumbura ko ya yi laushi ya gama aiki. Lagireto kuma a gefe yake yawan yoyo, inda roba ta haɗu da alminiyam. Famfon da ke zagaya ruwa a inji, wato wata famfo, na da ɗan rami a ƙasansa, in ka ga sawun gari ya gangaro daga nan, ko ka girgiza fulinsa ya yi wasa, shi ne.

Akwai wanda kusan kowa ke mantawa da shi: hita. Mu nan ba mai kunna ta sai da asubar hunturu, amma ruwan inji na ratsa ta a bayan dashbod. Ɗaga kafet na gaba ka taɓa. In da danshi, an kama ɓarawo, kuma ana iya haɗe tiyoyinta biyu a kewaye ta kafin ka samu halin gyara.

In duk wannan bai nuna komai ba, nemi garejin da ke da famfon gwaji na hannu mai agogo. A bakin tulu ake ɗaura shi, a buga iska daidai ƙarfin murfin, a jira kamar minti 15. In allurarsa ta sauka, ruwa zai fito ya nuna kansa. In ta sauka amma waje a bushe yake, to yanzu ne maganar bakanikenka ta samu ƙafa.

Gasket in ya ƙone ba ya shiru. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama. Kakkarwa da safe, sannan ta daidaita. Babban tiyo ya yi tauri tun inji bai yi zafi ba. Kumfa na ɓulɓulowa a tulu ba tsayawa (ban da siririn ruwan da ƙaramin tiyo ke dawowa da shi, wannan aikinsa ne). A kwance fulogai, in ɗaya ya fita fes sauran na da baƙi, ruwa ne ya wanke shi. Baƙin mai kan koma kamar shayi mai madara, amma tsabtarsa ba ta wanke gasket daga zargi. Akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin tulu, in hayaƙin inji na shiga ruwa sai ya koma rawaya. In ta tabbata, a auna kan injin ko ya lanƙwashe, a kuma tabbatar fanka na tashi, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma ba zai ga damina ba.

Ƙwai kuwa ka soya wa yara. Shi da garin taba ba su san kafa daga hanyar ruwa ba, siraran bututun lagireto suke fara toshewa.

Tambaya: Baba, ina wuni. Corolla gare ni. Duk na dawo daga aiki na faka sai in ga ruwa ya taru a ƙasa ta ɓangaren mai zaman banza. Ina tsoro.
*Malamar makaranta, Mabera*

Amsa: Lafiya lau, Malama. Dangwala da yatsa. In fari ne tas, ba santsi ba wari, kuma kin kunna esi a hanya, zufar esi ce, haka aka yi ta. Ki dai duba tulun ruwa da safe kafin ki tayar: in yana tsakanin layukan nan biyu yau, yana nan jibi, ki ci gaba da tafiyarki.