Amsa ga ƙanena mai son karatun auna ruwa daga sararin samaniya

Ƙanena, saƙonka shi ne na uku irinsa da ya iso mini daga gida tun bayan Babbar Sallah. Ka ce ka gama digiri a labarin ƙasa, ka ji ina aiki a nan Jidda da taurarin ɗan'adam masu auna ruwan ƙarƙashin ƙasa, kana so in nema maka gurbin karatu. Bari in faɗa maka yadda aikin yake, domin abin da kake hange daban ne da abin da za ka tarar.

Taurarin GRACE, waɗanda Amurka da Jamus suka harba a 2002 suka yi aiki har 2017, da magadansu na 2018, ba sa ɗaukar hoton ruwa. Biyu ne, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kusan kilomita 220. Idan na gaba ya tunkari wuri mai nauyi, ƙarfin jan ƙasa yakan fizge shi, tazarar ta sauya da abin da bai kai kaurin silin gashi ba, kuma daga wannan sauyin ake haɗa taswirar nauyin duniya wata-wata, wadda daga ita ake gane inda ruwa ya ƙaru ko ya ragu.

Wahalar kuwa tana cikin wannan "wata-wata". Taurarin na bukatar kimanin kwana 30 kafin su karaɗe duniya, amma iska da teku ba sa jiran kowa, domin nauyinsu na sauyawa cikin sa'o'i. Ƙarin milibar ɗaya a matsin iska daidai yake da nauyin ruwa mai zurfin santimita ɗaya, saboda haka guguwar kwana biyu tana iya shiga lissafin wata guda ta ɓata shi, ta taimaka wajen haifar da zane-zanen ƙarya daga arewa zuwa kudu a kan taswira. Shi ya sa cibiyar binciken kimiyyar ƙasa ta GFZ da ke Potsdam a Jamus take fitar da bayanan AOD1B, wato ƙiyasin sauyin nauyin iska da teku, waɗanda ake lissafawa daga hasashen yanayi na cibiyar Turai da kuma kwaikwayon motsin teku a kwamfuta, a cire su tun kafin a fara maganar ruwan ƙasa. Kwaikwayon nan ba ya rasa kuskure, kuma bin diddigin kuskurensa shi ne abincina na kullum.

Na taɓa ɓata wata takwas ina bin wata alama a yammacin ƙasar nan, ina murna na gano ruwan ƙasa mai ƙaruwa a lokacin sanyi, ashe Bahar Maliya ce. Iskar hunturu tana turo ruwa ta mashigin Babul Mandab, tekun ya cika, kuma da yake taurarin ba sa bambance abin da bai kai faɗin kilomita 300 ba, nauyin sai ya malalo kan tudu a lissafina. Wani babban malami ya ce a gaban jama'a dama bai sa ran abin da ya fi haka daga irin inda na fito ba. Har yau maganar tana yi mini ciwo, ko da yake gyaran da na yi daga baya shi ɗalibansa suke amfani da shi yanzu.

Saudiyya na da dalilin kashe kuɗi a wannan fanni, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa na Saq da aka yi noman alkama da shi a arewa ba ya komawa. Sai dai ba za a ɗauke ka don tausayi ba. Ana son lissafi mai zurfi, da harshen kwamfuta na Python ko Fortran, da haƙurin zama gaban kwamfuta har asuba. Igamarka, wato takardar izinin zamanka, za ta kasance ɗaure da makarantar da ta kawo ka, kuma idan Umara ce kawai a ranka, ka nemi bizarta daban.

Kada ka ba wani ejan ko kwabo, kada kuma ka bari Baba ya sayar da gona. Aiko mini da takardar sakamakonka, makin lissafi da fiziks zan fara dubawa.