Tambaya da Amsa: Sabuwar ƙaramar bindiga, me za a yi mata kafin harbin farko?

Wani ɗan kasuwa daga Yantala, Yamai: "Na samu izini daga ma'aikatar cikin gida, na sayi ƙaramar bindiga sabuwa dal. Sai na wanke ta, ko in yi aiki da ita yadda ta zo?"

Alhaji, a wanke ta. Giris ɗin da kamfani ya shafa mata na hana tsatsa ne a hanya da wurin ajiya, kuma da ƙurar Yamai ta hau shi sai ya daskare. Ka fitar da harsasai daga ɗakin gaba ɗaya. Fara da zare gidan harsashi, sannan ka ja saman bindigar baya, ka leƙa makwancin harsashi da ido, ka taɓa da yatsa. Wanda ya juya wannan tsari yana iya barin harsashi ɗaya a ciki, kuma wasu bindigogi irin su Glock sai an danna kunama suke kwancewa. Nan ne mutane ke harbin cinyarsu.

Kashi huɗu kawai za ka raba ta, yadda littafin kamfani ya nuna: gangar jiki, saman da ke zamewa, bututu da sifirin. Ka tura ƙyallen auduga mai ruwan wankin bindiga da sandar wanki ta gindin bututu zuwa baki, don kada sandar ta ci leɓen bakin, saiti ya lalace. Ka riƙa canza ƙyalle har ya fito fari, ka bi da busasshe, ka ɗaga bututun wajen haske. Mai kuwa ɗigo ɗaya a kowace hanyar zamewa, ɗaya a jikin bututu ta waje ka shafe. Cikin bututu, ramin allurar da ke bugun gindin harsashi, da gidan harsashi a bar su a bushe: mai a ramin allura yana tara ƙura, bugun ya yi rauni, harsashi ya ƙi tashi.

Daga Bukoki, Yamai: "Man gyaɗa ko baƙin mai na mota ba za su yi ba?"

Ba za su yi ba. Man gyaɗa yana yin danƙo da zafi, baƙin mai cike yake da garin ƙarfe. Wanda ya iya sayen bindiga ba zai kasa sayen kwalbar man bindiga ba.

Wani makiyayi daga Tawa: "An kawo mini fistol mai araha, babu takarda. A jikinta an rubuta 9 mm P.A.K."

Ɗan'uwa, kada ka karɓa. Wannan rubutu na bindigar ƙara ce, wadda aka ƙera don harsashin da ba shi da dalma. Yawancinsu da ƙarfen tutiya mai rauni ake zuba su, sai wasu su taɓa su a ɓoye su sayar da sunan ta gaske. Ƙarfen ba ya ɗaukar ƙarfin harsashi, yana iya tarwatsewa a hannunka, saman ya dawo maka a fuska. Babu wankin da zai gyara wannan. Abin da ke ba ni haushi, mutum zai yini yana duba haƙoran rago a kasuwa, amma ya miƙa jakunkuna a duhu ga wanda bai sani ba, kan abin da zai iya cire masa ido. Kuma bindiga marar takarda ba ka san inda ta bi ba. In jandarma suka same ta hannunka, kai za ka amsa duk abin da aka aikata da ita. Haka harsashi: 9x19, 9x18 da 9x17 duk "milimita tara" dillali zai ce maka, alhali ba a musanya su. Ka karanta abin da ke jikin bututu, ka gwada da na kwalin da na gindin harsashin. Harsashin da ya yi kore ko ya lotse, kada ka sa shi.

Daga Talaje, Yamai: "In gwada ta da harbi sama ranar biki?"

Harsashin a ina kake so ya sauka? Ka nemi wurin harbi da hukuma ta amince da shi, tare da wanda ya iya. In ka danna ba ta tashi ba, ka bar bakinta a gaba daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. In ƙarar ta fito da rauni, ka tsaya nan take, wataƙila dalma ta maƙale a bututu, harbi na biyu zai fasa shi.

Wata uwa daga Tawa: "Maigida ya kawo bindiga, ina tsoro saboda yara."

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, Allah ya raya su. Ki roƙe shi cikin lalama ya ajiye ta babu harsashi a akwatin ƙarfe mai makulli, harsasai a wani wuri daban, mabuɗi a jikinsa. Ƙarƙashin matashi ko saman kabad yaro yana kaiwa. Kada ta kwana cikin kuben fata, musamman da damina, domin fata tana riƙe laima ta jawo tsatsa.